Hannun Hagun Rawya

Litinin, 4 ga Nuwamba, ƙarfe 10 na safe

An sallame ni jiya. Likita ya ɗaga hannuwana ya jujjuya, ya sa na lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ko ƙwarzane na kirki babu, sai shatin bel ɗin mota a ƙirji. Ya ce in gode wa Allah. Na ce alhamdu lillahi.

Rawya, abokiyar wasana, tana hawa na uku. Ba a barin kowa ya shiga sai mahaifiyarta.

Baba ne ya ciro min wannan littafin daga jakar ƙwallayena. Jakar ma ba abin da ya same ta. Littafin da nake rubuta makin bolin ne, wasan mirgina ƙwallo a zubar da kwalabe, na atisaye da na gasa. Shafin da ke bayan wannan yana ɗauke da na ranar Asabar a Alƙahira, wasan 'yan bibbiyu: ni 187, Rawya 241, mun zo na ɗaya. Ban san inda kofin yake ba.

Talata, 5 ga Nuwamba, ƙarfe 4 na yamma

Wani jami'in 'yan sanda ya zo gida. Ya tambayi wa ke tuƙi, na ce ni. Ya tambayi gudun da nake yi, na ce ban sani ba. Ya tambayi me ya faru, tunda rana ce tsaka kuma hanyar a miƙe take. Na ce ina jin taya ce. Ya rubuta taya.

Baba ya kawo masa shayi. Yana sha yana kallon lambobin da ke rataye a bango, sai ya ce, “Ashe ke ce Shahinda ta bolin. 'Yata ta taɓa ganinki a talabijin.” Na ce ni ce. Ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya sa na sa hannu a wuri biyu.

Laraba, 6 ga Nuwamba, bayan azahar

Akwai benci a ƙofar ɗakin Rawya a asibiti. Na zauna awa uku.

Tanti Ni'imat ta fito, mahaifiyar Rawya. Na miƙe. Ta kama fuskata da hannu biyu ta ce, “'Yata, ke ma kin sha wuya. Kin ci wani abu kuwa?” Ta buɗe jakarta ta ba ni burodi da wake, wanda aka kawo mata. Na cinye duka a tsaye tana kallona.

Ta ce har yanzu Rawya ba ta farka ba. Ta ce hannun ne ake ta magana a kai. Ban tambayi wanne ba. Na san gefen da ya bugi ƙarfen bakin hanya.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, yamma

Benci. Ban shiga ba, ba a ma ce in shiga ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba, ƙarfe 6 na yamma

Kaftin Medhat ya kira da safe. Shekara ashirin yana horar da ni, ban taɓa jin yana lalube kafin ya yi magana ba sai yau. Ya ce, “Ba matsa miki nake ba, Shahinda. Amma gasar Kuwait saura mako uku, kuma layi na bakwai yana nan ba kowa a kai.”

Na hau taragu na je wurin wasan. Ana ruwa. Na canza takalmi, na goge ƙwallo, na tsaya inda nake tsayawa. Taku biyar, na saki. Kwalaben goma suka zube gaba ɗaya. Injin ya share ya jera wasu, ƙwallon ya dawo, na sake.

234, 258, 247.

Rabona da jera irin wannan maki tun shekara biyu da suka wuce. Kaftin ya tsaya a bayana. Da na gama ya ce, “Hannunki ya saki.” Na ce to.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, ƙarfe 11 na safe

Baba yana gyaran rediyon da bai lalace ba. Tun da ya yi ritaya haka yake yi idan abu ya dame shi.

Shekara talatin ya yi a bayan layukan nan, cikin ƙarar injinan da ke jera kwalabe, inda 'yan wasa ba sa gani. Ni a can baya na fara sanin bolin, ina 'yar shekara tara, ina leƙen ƙwallaye suna tahowa kaina. Idan an tashi aiki da rana babu kowa, sai ya kunna min layi ɗaya. Ƙwallon ya fi ƙarfina, da hannu biyu nake tura shi. Na bar jami'a a shekara ta biyu saboda wasan nan. Mama ta rasu ba ta daina cewa za ki dawo hankalinki ba. Na yi aure, na fito, duk a tsakanin gasa biyu. Yanzu ina da talatin da bakwai, ban iya komai ba sai wannan.

Rawya ta zo mana shekara goma sha huɗu da suka wuce, siririya, bakinta ba linzami. Bahaguwa ce. Ƙwallona yana lanƙwasowa daga dama, nata daga hagu, shi ya sa Kaftin ya haɗa mu. Ranar farko ta dube ni ta ce, “Ke ce zakarar? Na zaci za ki fi haka tsawo.” Ɗaki ɗaya muke kwana a kowace tafiya. Na san yadda take minshari, ta san ina boye cakulan a cikin takalmi.

Ban san me ya sa nake rubuta wannan ba. Ba wanda ya tambaye ni.

Litinin, 11 ga Nuwamba, ƙarfe 5 na yamma

An sake shiga da ita tiyata da safe. Sun yi abin da suka ce ƙila sai an yi.

Tanti ba ta fito ba yau. Na jira har azahar, na tafi atisaye. 268.

Talata, 12 ga Nuwamba

Benci. Atisaye. Na ci abinci. Na yi wanka.

Laraba, 13 ga Nuwamba, bayan la'asar

Sabon ƙwallon Rawya ya iso daga wurin mai huda ramukan yatsu. Tun watan jiya ta kai masa, ya auna yatsunta, ta ce da shi za ta je Kuwait. Kore ne mai duhu, da sunanta a jiki. Kaftin ya buɗe kwalin a kan tebur ya tsaya yana kallo kamar an aiko masa da jariri.

Da ya fita amsa waya na sa yatsun hannuna na hagu a ramukan. Ba su shiga ba, nata sun fi nawa sirantaka. Na mayar na rufe kwalin. Kaftin ya ɗora shi a kan kabad.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, ƙarfe 3 na rana

Ta farka.

Tanti ta fito tana kuka tana dariya. Ta ce, “Ta nemi ruwa. Ta ce a kashe mata talabijin, wai shirme suke nunawa. Kin ji ta, ko? Rawyarmu ce.” Ta ce Rawya ta ga hannun. Ta kalla ta daɗe, sannan ta ce a ja mata bargo.

Tanti ta ce, “Shiga mana, yanzu sun bari.” Na ce ina da mura, kada in sa mata. Ba ni da mura, amma tun da na faɗa nake tari.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, ƙarfe 7 na yamma

Kaftin ya kira ni ofis. Ya ce a Kuwait za a haɗa ni da Maram. Shekararta goma sha tara, bahaguwa ce ita ma, tana da kyakkyawan hannu. Na ce to.

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce, “Akwai abin da gara ki ji daga bakina kafin ki ji a wurin 'yan mata. Kafin ku tafi Alƙahira Rawya ta same ni. Ta ce tana so a canza mata abokiyar wasa, a haɗa ta da Maram. Ba don wani abu ba, kin san shekara biyun nan makinki ya…”

Na ce, “Na sani.”

“Ta faɗa miki?”

“Ta faɗa.”

“Yaushe? Ai ta ce min ba za ta tayar da maganar ba sai kun gama gasar, kun kamo hanyar gida.”

Na kalli kalandar da ke bayansa. Can ya mayar da tabarau ya ce gobe ƙarfe goma, in zo da ƙwallon da ba ya lanƙwasa, za mu yi aikin kwalbar kusurwa.

Litinin, 18 ga Nuwamba

251, 244, 262. Benci. Ban shiga ba.

Talata, 19 ga Nuwamba, bayan magariba

Jami'in ya je wurin Rawya jiya. Tanti ce ta gaya min. Ta ce ya tambaye ta abin da ta tuna, ta ce masa taya ce ta fashe, ta ji ƙarar da kunnenta. Tanti ta ce, “Kin ga, maganarku ɗaya. Ƙaddara ce, 'yata, ki daina azabtar da kanki a kan bencin nan.” Ta ba ni lemo biyu.

Baba kuma ya je filin da aka ajiye motar, bai gaya min zai je ba. Ya dawo ya tsaya a bakin famfo yana wanke hannu, ya daɗe. Bai juyo ba ya ce, “Tayoyin nan da na sa miki a watan Agusta masu kyau ne.”

Na ce e.

Ya ce, “Duka huɗun.” Ya goge hannu ya tambaye ni ko in soya mana ƙwai ko shi ya soya.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, ƙarfe 2 na rana

300.

Jifa goma sha biyu, ko kwalba ɗaya ba ta tsaya ba. Babu abin da ya wuce wannan a bolin. Shekara ashirin ina nemansa. Sau biyu na kai jifa na goma sha ɗaya ya kuɓuce min. Yau ban ma san ina kusa ba sai da na ji sauran layukan sun yi tsit. Na ɗauki ƙwallo, na taka, na saki, kamar mai zubar da shara.

Suka yi tafi. Maram ta rungume ni tana cewa, “Yaya Shahinda, na gani da idona, wallahi na gani.” Na ce ta sake ni, gumi nake. Na shiga banɗaki na tsaya gaban madubi ina jiran wani abu ya zo. Bai zo ba. Na fito na tattara kayana.

Kaftin ya riga ya kira Baba. Da na shiga gida ya ce, “Barka.” Tun ina yarinya yake cewa ranar da na yi ɗari uku zai yanka rago ko da bashi ne. Bai ambaci rago ba, ni ma ban ambata ba.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Ruwa tun asuba. Teku ya hau kan titi. Ban fita ba.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, ƙarfe 6 na yamma

Tanti ba ta tambaye ni ba yau. Ta kama hannuna ta tura ni ciki, ta ce za ta sauka sayen magani, ta ja ƙofa.

Rawya tana zaune an jingina ta da matasai. An aske gefe ɗaya na kanta. Hannun rigarta na hagu an naɗe shi daga gwiwar hannu an kama da fil. Na kalli tagar.

Ta ce, “Kin rame. Ko fitilar ce?”

Na ce fitilar ce.

“Kwana nawa kina min tari a ƙofa? Ko barci ba na samu. Zauna, tsohuwa, tsayuwarki tana gajiyar da ni.”

Na zauna.

“An ce kin yi ɗari uku. Shekara biyu ina ɗauke da ke a baya kamar buhun albasa, sai yanzu kika tuna kin iya wasa.”

Na ce a atisaye ne, ba ya shiga lissafi.

Sannan ta ce, “Na tuna komai, Shahi. Kada ki zaci ban tuna ba.”

Na ce, “To me ya sa kika ce masa taya?”

“Saboda Mama. Tana buƙatar wadda za ta riƙa ba lemo. Idan na karɓe mata ke, wa ya rage mata a wannan barandar?” Ta gyara zama da ƙyar. “Ba don ke ba ne. Kada ki gode min, zan yi amai.”

Ban gode ba.

Ta ce, “Abin da na faɗa miki a mota ranar gaskiya ne. Da yau ne ma zan sake faɗa. Sai dai zan bari mu sauka tukuna.”

Na buɗe baki. Ta ce, “A'a. Ba yau ba. Ban da wurin ajiye shi.” Ta miƙo min hannunta na dama. Na zaci so take in riƙe. Ta ce, “Farce. Mama tana tsoron yanke min nama, ni kuma da me zan yanke? Abin yana cikin aljihun tebur.”

Na yanke mata biyar ɗin, na goge bakinsu. Ta duba ta ce na babban yatsa ya karkace. Da zan fita ta ce, “Maram tana tsorata idan ta bar kwalba biyu a nesa da juna. Kada ki yi mata magana a lokacin, ki ba ta ruwa kawai.”

Laraba, 27 ga Nuwamba

An ba mu rigunan gasa. Tawa ta yi min yawa, an rage.

Alhamis, 28 ga Nuwamba, azahar

An sallami Rawya. Ban je ba, muna da awon ƙwallaye. Da na so da na je bayan an gama.

Asabar, 30 ga Nuwamba, Kuwait, ƙarfe 5 na yamma

Ɗaki ɗaya da Maram. Ba ta minshari. Tana ninke kayanta tana neman izini kafin ta kunna fitila.

Layukan nan an zuba musu mai da yawa, ƙwallo yana santsi ya ƙi lanƙwasa. Na matsa taku biyu zuwa dama, ya daidaita. Wasan ɗai-ɗai na zo ta biyar.

Litinin, 2 ga Disamba, ƙarfe 7 na yamma

'Yan bibbiyu. Mun zo na biyu, tazarar kwalba goma sha ɗaya. A wasa na huɗu Maram ta bar biyu a nesa da juna, ta dawo fuskarta ta yi fari. Na miƙa mata ruwa. Ta gyara a na biyar.

An rataya mana azurfa. Maram ta yi kuka a kan dandamali, ta kira mahaifiyarta, ta kira kakarta. Wata 'yar jarida ta tambaye ni ko na sadaukar da lambar ga Rawya. Na ce lambar Maram ce da ni. Kaftin ya harare ni.

Na kira Baba. Ya ce ya kalla a wayar maƙwabci. Ya ce a jifana na ƙarshe na yi gaggawa. Gaskiya ne.

Ban kira Rawya ba. Ita ma ba ta kira ba.

Alhamis, 5 ga Disamba, ƙarfe 4 na yamma

Na dawo Iskandariyya jiya. Yau wayata ta yi ƙara, sunanta ne.

Ba sallama. Ta ce, “Asabar da Talata ake min wankin ciwo. Mama ba za ta iya hawa da sauka kullum ba, gwiwarta ta kumbura. Ƙarfe tara.”

Na ce zan samo mana tasi.

Ta ce, “Motar babanki tana tashi ai.”

Na ce rabona da tuƙi tun…

Ta ce, “Na san tun yaushe.” Ta kashe.

Na gaya wa Baba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya sauka ƙasa da galan ɗin ruwa da tsumma. Ina jin shi yana ta tayar da injin yana kashewa har aka kira magariba.

Asabar, 7 ga Disamba, ƙarfe 1 na rana

Na isa tara saura kwata. Daga gidanmu zuwa nasu ban wuce giya ta biyu ba, masu bas suna ta zagina.

Ta sauko ita kaɗai, da mayafi a kafaɗar hagu. Na buɗe mata ƙofar baya. Ta zagaya ta buɗe ta gaba ta zauna. Ta ja bel da hannun dama, ya kuɓuce, ta sake ja, ya kuɓuce. Na sunkuya na ɗaura mata. Gashinta ya fara tsirowa a inda aka aske.

Na riƙe sitiyari. Ban tayar ba.

Ta ce, “Za mu makara.”

Na tayar. Muka hau titin bakin teku. Da muka wuce unguwar Sidi Gabir ta ce, “Zan yi magana yanzu. Ba mai daɗi ba ce, kuma tana da tsawo. Ke dai ki kalli hanya.”

Ta yi magana. Ta fara daga shekara biyu da suka wuce ta gangaro har ranar Asabar ɗin, har abin da ta gani a fuskata lokacin da na juyo, har daren da ta fara neman ta sosa hannun da babu. Ba ta ɗaga murya ba. Wani wurin ta zage ni, wani wurin ta zagi kanta. Ba zan rubuta shi a nan ba, nata ne. Wajen asibiti idona ya cika har fitilun motar gabana suka narke, na goge da kafaɗa. Ban juya ba ko sau ɗaya.

Da muka tsaya ta ce in kwance mata bel ɗin. Ta fita ta dubi yadda na ajiye motar, taya ɗaya a kan dakali. Ta ce, “Ko fakin ba ki iya ba.” Ta yi gaba taku uku, ta tsaya ba ta waiwayo ba.

“Me kike jira? Wa zai riƙe min jaka?”

Na kulle motar na bi ta.